Ɗakin sauraron ɗalibai a Damagaram: Laraba shida a kujerar baya

Ɗiyar ƙanena ce ta kai ni wurin. Shekarunta ashirin, tana shekara ta biyu a jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010, wadda kuma a yanzu take ɗauke da sunan marigayi André Salifou, masanin tarihin Damagaram. Tun da ta ci jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ta baro Magarya take zaune a hannuna, domin mahaifinta ya rantse ba za ta kama ɗakin haya ba alhali tana da gwaggo a cikin gari. Na lura duk ranar Laraba bayan la'asar takan yafa mayafi ta fita, ba ta dawowa sai ana kiran magariba. Da na matsa mata da tambaya sai ta yi jim, sannan ta ce, “Gwaggo, maimakon in yi miki bayani, ki zo mu je ki gani da idonki.” Haka na yi Laraba shida a jere ina zama a kujerar baya a wani ɗakin sauraro da ba da shawara ga matasa, inda ake gudanar da shiri na musamman domin ɗalibai a kan sanin darajar kai da kuma yadda suke kallon mu'amalar namiji da mace. Ba zan ambaci sunan wurin ko unguwarsa ba, saboda Zinder, duk girmanta, gari ne da idan ka yi atishawa a Birni za a yi maka addu'a a Zango, kuma ƴan matan da ke zuwa can ba su ba ni izinin nuna ƙofarsu ba. Ɗalibar da take nema, ƙawayenta za su kwatanta mata.

Ɗaki ne guda da ƙaramin ofis a bayan wani gidan likita, wata ƙungiya mai zaman kanta ce take riƙe da shi. Wanda ya tsara shi ya san halin garin nan, domin bai yi masa ƙofa a kan titi ba. Sai an ratsa ta cikin gidan likitan, ta gaban masu jiran awon masassara da masu karɓar magani, saboda haka ko ɗan kabu-kabun da ya sauke yarinya ba zai iya cewa ga abin da ya kawo ta ba. Kujerun roba ne kamar ashirin da biyar, da fanka biyu masu aiki idan akwai wuta, da randar ruwan sha a bakin ƙofa. Makewayi kuwa sau biyu na tarar da shi babu ruwa, amma wanda ya san Zinder da jarkokinta ba zai ɗora wannan laifi a kan masu wurin su kaɗai ba. Zaman Laraba kyauta ne, ganawa ta sirri kyauta ce, gwajin sida, wato cutar ƙanjamau, ma haka. Gwajin ciwon hanta da allurarsa ne aka ce sai an biya, a can ɓangaren gidan likitan.

Mutum biyu ne suke tafiyar da shirin: wata ungozoma dattijuwa da ta haura hamsin, wadda ƴan matan suke ce wa Tanti, da wani matashi da ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wanda suke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci. Tun ranar farko Tanti ta gindaya mini sharaɗi cikin ladabi, ta ce, “Hajiya, kina iya zama ki ji darasi, amma idan lokacin tambayoyi ya yi za mu roƙe ki ki ba mu wuri.” Na ji abin har cikin raina, ni da na shekara ashirin da biyu ina koyarwa a lise, babbar sakandare, amma ina zaune a bencin waje na gane cewa matar ta san aikinta, domin uku daga cikin yaran nan ni na koyar da su, kuma da ina ciki babu wadda za ta iya buɗe baki. Abin da zan faɗa a nan, ke nan, shi ne abin da na ji a sa'ar farko ta kowane zama, da abin da ɗiyata ta yarda in faɗa.

Makon farko na Mushe ne. Ya raba musu wata takarda mai jimloli goma da Faransanci, ya ce kowace ta zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu a gaban kowace jimla, daga cikakkiyar amincewa zuwa cikakken ƙi. Wannan takarda sananniya ce: ma'aunin da Morris Rosenberg, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya fitar a 1965 bayan ya gwada shi a kan ɗaliban sakandare sama da 5,000 a jihar Niyok, kuma fassararsa ta Faransanci da aka fi amfani da ita a Kebek ta ƙasar Kanada aka yi ta a 1990. Jimloli biyar na yabon kai ne, kamar mutum ya ce yana da kyawawan halaye masu yawa ko ya gamsu da kansa, biyar kuma na kushe kai, kamar ya ce wani lokaci yana jin ba shi da amfani. Ana tara makin daga 10 zuwa 40. Ɗiyata ta tashi da 24, jadawalin da Mushe ya karanta musu ya jefa ta cikin masu rauni ƙwarai, ta dawo gida ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Da dare ta ce mini, “Gwaggo, ashe ban san darajar kaina ba.”

Wannan fa yarinya ce da a bara wani ɗan kasuwa ya aiko mata da sabuwar salula a kwali, ta mayar masa da kayarsa tun kafin labarin ya zo kunnena. Da na karɓi takardar na duba, sai na ga inda gizo yake saƙar. A gaban jimlar da ke cewa tana da kyawawan halaye masu yawa, ta zaɓi “ban yarda ba”, da na tambaye ta dalili sai ta ce ai ba ita ce za ta faɗa ba, mutane ne za su faɗa. Haka aka rene ta, haka aka rene mu: yabon kai jahilci. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake sunkuyar da kai idan an yabe ka, idan ka ba ta takardar da ke auna yawan yabon da take yi wa kanta, dole ta faɗi, kuma faɗuwar tata shaidar tarbiyya ce. Masana ma sun ci karo da irin wannan. A 2005 David Schmitt da Jüri Allik sun buga sakamakon gwada wannan ma'auni a ƙasashe 53, mutanen Japan ne suka zo a ƙarshe, kuma ban ɗauka akwai mai cewa Japanawa ne suka fi kowa rashin sanin ciwon kansu ba. Al'umma ce da ita ma take ganin cika baki abin kunya.

Harshenmu ya rarrabe abubuwan da takardar ta cakuɗa. Akwai girman kai, wanda aibi ne. Akwai ji da kai, wanda ake yi wa kallon hadarin kaji. Akwai kamun kai, akwai sanin ciwon kai, sannan akwai mutunci. Shi mutunci ba a cikin ƙirjin mutum kaɗai yake zaune ba, tsakanin mutane yake, shi ya sa ake ganinsa, ake kare shi, ake cinsa, ake zubar da shi. Lokacin da ɗiyata ta mayar da salular nan, ba tunanin kyawawan halayenta ta yi ba, ta tuna cewa ita ɗiyar wane ce, kuma akwai ranar da mai kyauta zai zo karɓar tukuici. Babu jimla ko ɗaya cikin goman nan da take tambayar wannan. Na faɗa wa Mushe haka a mako na biyu, ya saurare ni da girmamawa, ya ce takardar ba hukunci ba ce, mabuɗin hira ce kawai. Na yarda da niyyarsa, sai dai ya kamata a ce yaran ya faɗa wa haka kafin ya karanta musu jadawalin, domin magana zarar bunu ce.

Darasinsa na mako na biyu ma ban gamsu da shi ba. Ya zana kibiya a allo, ya rubuta darajar kai a gindinta, kamun kai a tsininta, ya ce duk wanda ya ɗaga ta farko, ta biyu za ta biyo baya. Wannan tunani ya yi tashe a Amurka, har jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman a 1986 da fatan cewa ɗaga darajar kai zai rage cikin ƴan mata ƙanana da shaye-shaye da faɗuwa a makaranta. Amma a 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka tara a kan batun, suka ce yawan ganin darajar kai ba ya hana yara shan taba ko giya ko fara jima'i da wuri, wani lokaci ma yakan ƙara musu ƙarfin halin gwada abin da aka hana. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yara ƴan makaranta a Amurka ya samu abin da ya fi wannan ɗaukar hankali: ƴan matan da suke ganin darajar kansu sun fi jinkirtawa, samarin da suke ji da kansu kuwa sun fi saurin farawa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen wata fada, wato majalisar samari, da dare ya ji hirar samari ba zai yi mamakin wannan ba, domin wanda ya fi kowa ƙirga ƴan matan da ya yaudara ba ƙarancin yarda da kai ne yake damunsa ba. Kibiyar Mushe ta yi sauƙi da yawa, kuma tana da illa guda: yarinyar da ta riga ta yi tuntuɓe za ta fita daga ɗakin da tabbacin cewa laifin duk na rauninta ne.

Mako na uku da na huɗu Tanti ce ta karɓi allo, kuma saboda waɗannan ranaku biyu kaɗai ma wurin ya cancanci kuɗin kabu-kabu. Da Hausa ta yi magana daga farko har ƙarshe, ba ta raba takarda ko ɗaya ba. Ta fara da tambayar su wace ce a cikinsu aka taɓa ce wa ta tsufa a gida, hannuwa suka tashi kusan duka, aka yi dariya irin wadda ta fi kuka ciwo. Ta tuna musu cewa binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, saboda haka ɗaliba mai shekara ashirin da ba ta yi aure ba, idan ta je hutu Mirya ko Matamaye ko Tanut, sa'o'inta za ta tarar da goyo na biyu ko na uku, kowace gaisuwa kuma sai an haɗa mata da “Allah ya kawo miji”. Ta ce a nan ne darajar ɗaliba take fara tsattsagewa, domin wadda aka shekara uku ana nuna mata cewa kasuwarta ta kusa watsewa, duk namijin da ya furta kalmar aure za ta ji kamar ya yi mata alfarma, shi kuma ya san haka sarai.

Daga nan ta shiga maganar kuɗi ba tare da kwana-kwana ba: kuɗin fotokofi, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, kuɗin intanet, da watannin da tallafin karatu yake makara alhali iyaye a ƙauye suna jiran kaka. Wata daga gaba ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala, Tanti ta ce gaskiya ne, amma a bambanta kwaɗayi da yunwa, domin wadda ta wuni ba ta karya ba wa'azi ba zai ƙosar da ita ba. Sai ta sa su lissafa, kowace a zuciyarta, mutum uku da za ta iya roƙo jika biyu ba tare da an nemi wani abu a madadinsu ba, ta ce wadda ba ta samu uku ba ta tsaya bayan an tashi. Ban taɓa jin malamin tarbiyya ya yi wannan tambaya ba, ni ma cikin shekaruna na koyarwa ban taɓa yin ta ba.

A mako na huɗu ta haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta zama saurayi, ɗaya budurwa, ta ce a gwada cewa a'a da baki, a ji yadda take fita. Kalaman da masu kwaikwayon samari suka zo da su sun nuna cewa duk sun sha jin su: “idan da gaske kina sona”, “ai aurenki zan yi”, “babu wanda zai sani”, “ke har yanzu baƙauya ce”. Da farko kunya ta hana su, ana ta rufe fuska da mayafi, amma Tanti ta dage har sai da kowace ta faɗi tata amsar ido cikin ido, murya ba ta rawa. Ta ce yarinyar da aka koya wa kada ta musa wa babba, kada ta ɗaga murya, kada ta ba baƙo kunya, ba za ta tashi rana ɗaya a cikin motar wani ta iya musu ba sai ta taɓa gwadawa. Ta kuma yi musu bayanin hotuna: duk hoton da ya fita daga salula ta WhatsApp ya fita daga hannun mai shi har abada, amma idan wani ya yi barazanar watsa shi, dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kansa, saboda haka kada a goge saƙonninsa, kada a tura masa kuɗi, a zo a faɗa.

Bayanin lafiyarta gajere ne, babu ƙawa. Wadda aka yi wa fyaɗe ko ta ji tsoron ta kamu da sida, akwai maganin kariya da dole a fara sha cikin awa 72, a yi kwana 28 ana sha, don haka kwana uku na ɓoyo saboda kunya yana iya zama asarar da ba ta gyaruwa. Ciwon hanta nau'in B ma ta wannan hanya ake ɗaukarsa, yana kuma da rigakafi na allura uku, sai dai a 2008 allurar ta shiga jerin rigakafin jarirai a Nijar, ma'ana mafi yawan waɗanda suke jami'a yanzu an haife su kafin nan. Ni kaina ban san wannan ba sai ranar.

Mako na biyar an gayyato wata malamar Islamiyya, na kuwa zo da fargabar za a yi ta ja-in-ja tsakaninta da ungozoma, sai ban ga haka ba. Ta karanta aya ta 32 ta Suratul Isra'i wadda ta hana kusantar zina, ba ta sassauta ba, sannan ta karanta aya ta 4 ta Suratun Nur a kan masu jifan mata kamammu ba tare da shaidu huɗu ba, ta ce masu yi wa ɗalibai kuɗin goro da sunan ƴan iska su ma su ji tsoron Allah. Ta ƙara da cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi, wadda ta yi kuskure kuma ƙofar tuba a buɗe take, ba a kuma umarce ta da ta tona wa kanta asiri ba.

Babban abin da ya ɓata mini rai a mako na shida ya faru. Mushe ya sake kawo wata takarda, wannan karon ma'aunin ra'ayi a kan jima'i na Clyde da Susan Hendrick, malaman jami'a a jihar Tekzas, gajeren nau'insa mai jimloli 23 da aka fitar a 2006. An tsara shi ne domin al'ummar da ɗalibi zai iya faɗin ra'ayinsa a kan kwana da wanda bai daɗe da sani ba kamar yadda zai faɗi ra'ayinsa a kan ƙwallo. A nan kuwa yara suka karanta jimlolin farko suka fara kallon juna, mafi yawansu suka ninke takardar suka tura a jaka. Abin da ya fi muni, akwai gurbin rubuta suna da lambar salula a samanta, kuma sai da na tambaya kafin aka ce amsoshin za su shiga rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi. Wanda ya yi wahalar ɓoye ƙofa daga titi bai kamata ya nemi budurwa ta sa sunanta a kan irin wannan takarda ba. Haka nan rajistar masu zuwa ganawar sirri, sau biyu na gan ta a buɗe a kan tebur, inda duk mai wucewa zai iya karanta sunaye. Na yi wa Tanti magana, a gabana ta jefa ta a aljihun tebur ta murɗa makulli, ta ce kuma za a cire gurbin sunan.

Samari kuwa kusan babu su. Cikin makonni shida mafi yawan da na gani uku ne, su ma a bakin ƙofa suka raɓe, suka sulale kafin a tashi. An ce suna da nasu zaman ranar Asabar da safe, amma ɗan maƙwabciyata, wanda shi ma ɗalibi ne, ya ce mini, “Mama, ai wurin mata ne.” Muddin kuwa rabin masu wannan mu'amala ba sa jin komai, za a ci gaba da ɗora wa ƴan mata kayan mutum biyu. Mushe matashi ne mai sakin fuska, da zai ajiye takardunsa ya bi samarin nan fadojinsu bayan isha'i, inda ake dafa shayi, ina ganin can zai fi amfani.

Duk uwar da ta tambaye ni zan ce ta bar ɗiyarta ta je, ta kuma bar ta ta je ita kaɗai. Ɗalibar da za ta je, ta nemi ganawa da ungozomar kai tsaye, kada ta rubuta sunanta a kan kowace takardar tambayoyi, makin da za a ba ta kuma kada ya hana ta cin tuwo. Tawa ɗiyar ta yi gwajin hanta an ce lafiya lau, ta karɓi allurar farko, ta biyu sai wata mai zuwa, ta riga ta sanar da ni cewa ni zan biya. Takardar nan mai maki 24 kuwa, shekaranjiya na gan ta a kan tabarma, an yi lissafin kuɗin fotokofi a bayanta.